Famfo mai fistin uku yana girgiza bututu: 18 Hz ɗin nan daga ina yake fitowa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman a ɗora ni a hanya. Muna da famfon ruwa mai fistin uku, moto mai kilowat 75 ke jan sa da bel. Moton yana juyi 1,480 a minti, karanshaf, wato sandar da ke juyawa tana tura fistin, kuma 360. Matsin fita bar 80 ne (bar ma'aunin matsi ne). Bututun fita inci 2, na zuƙa inci 4. Jikin famfon ba ya wani motsin a zo a gani, amma bututun fita yana rawa har ido na gani, kuma waldar ɗan ƙaramin bututun da geji ke kai ta tsage. Mun aro na'urar awon girgiza. A kan bututun ta nuna saurin girgiza 32 mm/s (milimita a sakan), kusan duka a 18 Hz, wato kaɗawa sau 18 a sakan, sai wani tsini a zanen na'urar a 36 Hz, da wani ƙarami wajen 24. A gidan boris 5 mm/s ne kawai. Ga kuma wani ƙwanƙwasawa da ake ji daga ɓangaren ruwa. Shi 18 ɗin nan bai yi daidai da juyin moto ba, bai yi daidai da na karanshaf ba. To daga ina?

Oga Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Abin bai kai a yi ta lissafi ba. Bututu ne ke rawa, a ɗaure shi. Ka samo ƙarfe mai kauri a yi masa madogara, a sa kilam, a sake waldar gejin, shi ke nan.

Mai Saitin Inji:
Ni na fi zargin fuli. Ka raba 1,480 da 60, za ka samu kusan 24.7, wato tsinin da ka gani wajen 24 na moto ne. Ko dai fulin ba shi da balans, ko bai yi layi da ɗan'uwansa ba. Ka ja zare ka duba, ka kuma duba ɗaurin bel.

Injiniya Mai Awo:
Ɗan Koyo, kafin komai ka daina kallon lambobin nan a matsayin Hz zalla, ka raba kowace da juyin karanshaf. 360 a minti shi ne 6 a sakan. To 18 ninki uku ne, 36 ninki shida. Fistin nawa ka ce? Uku. Kowane juyi ɗaya na karanshaf, ruwa na samun turi sau uku. Abin da ke kaɗa bututunka bugun ruwa ne, ba ƙarfen da ke juyawa ba.

Dalilin da ya sa 36 ma ya fito: fistin ba ya tura ruwa da gudu ɗaya. Yana farawa daga tsaye, ya yi sauri a tsakiyar tafiya, ya sake tsayawa. Idan ka zana ruwan da fistin ukun nan ke turawa, kowane yana bayan ɗan'uwansa da digiri 120, ka haɗa su, za ka ga tudu shida a juyi ɗaya. Da a ce kwanrod, sandar da ke kai turin karanshaf ga fistin, yana da tsawo marar iyaka, da tudun nan shida duk girmansu ɗaya ne, kuma ninki shida kaɗai za ka gani. Amma kwanrod gajere ne, yana karkacewa, sai kwarin da ke tsakanin tudun ya zama wani mai zurfi wani marar zurfi, bi da bi. Daga nan ninki uku ke fitowa. A famfo mai fistin uku, tsakanin mafi yawa da mafi ƙarancin ruwan da ke fita akwai tazarar kusan kashi 23 cikin ɗari na matsakaici. Mai fistin biyar kusan kashi 7 ne. Saboda haka ganin 18 da 36 a wannan famfo ba ciwo ba ne, haka aka gina shi. Tambayar ita ce me ya sa ya kai 32 mm/s.

Mai Saitin Inji, ban ƙi taka ba, amma a yi hattara da 24 ɗin nan. Ninki huɗu na karanshaf 24.0 ne cif, moto kuma 24.7. Idan an saita na'urar zuwa 1,000 Hz, ta raba awon zuwa layi 400, kowane layi ya ɗauki 2.5 Hz, su biyun za su narke su zama tsini ɗaya. Ɗan Koyo, ka mayar da ita 200 Hz da layi 1,600. Kowane layi zai zama 0.125 Hz, awo ɗaya zai ɗauki sakan 8, ka yi haƙuri ka jira. Sannan ka duba daga ina na'urar ke fara ji. Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin hannu daga 10 Hz suke farawa, ka ga kuwa juyin karanshaf ɗinka yana 6. Ka sauko da ita zuwa 2 Hz idan tana yarda.

Mai Saitin Inji:
In ma ninki huɗu ne, me ya bambanta? Girgiza ai girgiza ce.

Injiniya Mai Awo:
Bambancin babba ne. Idan fistin ukun suna aiki daidai wa daida, ninki ɗaya, biyu, huɗu da biyar na bugun ruwa suna kashe juna, sai uku, shida, tara su rage. Da zarar ka ga ɗaya, biyu ko huɗu sun taso a kan bututu, to silinda ɗaya ta fita daga sahu. Galibi bawul ne ke yoyo ko sifirin ɗinsa ya karye. In kuwa 24.7 ne, maganarka ta fuli ta tabbata.

Baba Makanike:
Yaro, duk wannan lissafin yana da kyau, amma ni ƙwanƙwasawar nan ta fi damuna. Ka ɗauki doguwar sukundireba, ka ɗora bakinta a kan murfin kowane bawul, ƙotar a kunnenka, ka nisanci bel da rigarka. Bawul mai lafiya yana bugawa tas ya yi shiru. Mai yoyo kuwa bayan ya buga za ka ji yana huci, shuuu, a lokacin da ya kamata ya rufe. Ka taɓa murafun da bayan hannu ma, mai yoyo yakan ɗan fi sauran ɗumi, don ruwa ɗaya ne ke kai da komo ta cikinsa.

Sannan ka raba ƙarar ruwa da ƙarar ƙarfe. Ka cika tanki ya kai baki, ko ka rage gudun famfon. In ƙarar ta lafa, ta ruwa ce, famfon ba ya ƙoshi. In tana nan daram ko me ka yi wa ɓangaren zuƙa, ka buɗe baya ka duba fil ɗin kuroshed, inda kwanrod ke haɗuwa da sandar fistin, da metal na kwanrod. Ƙarar ƙarfe tana zuwa ne daidai lokacin da fistin ke juya baya, inda nauyi ke sauya gefe.

Hajiya Injiniya:
Ba wanda ya tambayi abu ɗaya. Ɗan Koyo, tun da aka kafa famfon haka yake yi, ko daga baya ya fara? In daga baya ne, me aka taɓa?

Ɗan Koyo:
Daga baya ne Hajiya. An yi aikin faɗaɗa wurin, masu kwangila suka matsar da tanki. Da bututun zuƙa bai wuce mita 4 ba, yanzu mita 9 ne. Na fita ma an ɗaga shi sama don a samu hanyar wucewa, aka cire madogara ɗaya da ke tsakiya. Ruwan tanki yakan tsaya kamar mita 2 sama da bakin famfo.

Hajiya Injiniya:
To ga inda gizo ke saƙa. Bari in fara da zuƙa, don shi mutane ke rainawa. A famfon fanka, wanda ke tura ruwa da fanka mai juyawa, ruwa yana tafiya da gudu ɗaya, abin da za ka lissafa shi ne gogayya da tsayin tanki. A famfon fistin kuwa, duk ruwan da ke cikin bututun nan mai mita 9 sai an ja shi an sake shi, an ja shi an sake shi, sau da yawa a sakan. Jan nan yana cin matsi. Akwai lissafin da aka saba yi: tsawon bututu, sau gudun ruwa, sau juyi a minti, sau 0.066 idan fistin uku ne, a raba da 1.5 na ruwa sau 9.81.

Famfo irin naka zai ba da kusan lita 390 a minti, in na yi kuskure ka gyara. A bututun inci 4 gudun ruwan kamar mita 0.8 ne a sakan. 9 sau 0.8 sau 360 sau 0.066 ya ba da 171. Raba da 14.7, ka samu mita 11.6. Me kake da shi a hannu? Nauyin iska yana ba ka kusan mita 10.3 a daidai tsayin teku, tanki ya ƙara 2, a cire gogayya da ɗan abin da tururin ruwa ke ci, ya rage ƙasa da 12. Ka cire 11.6, kusan babu abin da ya saura. A farkon kowace zuƙa fistin yana ja baya ruwa bai biyo shi ba, kumfar tururi ta buɗe a silinda, sannan ta rufe da ƙarfi. Wannan ita ce kabiteshan, kuma ina kyautata zaton ita ce ƙarar da Baba ke magana. Lokacin da bututun yake mita 4, lissafin mita 5 da ɗan kai ne, shi ya sa ba ku ji komai ba.

Oga Mai Walda:
Hajiya, da girmanki, amma yaron nan bututun FITA ya ce yana rawa. Ke kin koma zuƙa. Ni har yanzu ina kan bakana: an cire madogara, a mayar da ita.

Hajiya Injiniya:
Oga, a nan kana da gaskiya, ban musa ba. Matsala biyu ce ta haɗu. Amma a ina za a mayar da ita? Kowane bututu tsakanin madogara biyu yana da bugun kansa, yawan kaɗawar da zai yi a sakan idan ka buge shi ka ƙyale. Kamar lilo ne, in kana turawa daidai lokacin da ya dawo, ƙaramin turi ma ya isa ya kai shi sama. Bugun nan yana raguwa ne gwargwadon tsawon tazarar sau kanta: ka raba tazarar biyu, ya ninka kusan sau huɗu. Yanzu a ce yana kusa da 18. In mai walda ya ga wani ginshiƙi a kusa, ya kafa madogarar a can don ya fi sauƙi, tazara mafi tsawo ta koma kashi 70 na da, bugun zai ninka sau biyu a ƙiyasce. Ina ya faɗa? 36. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma kada a raina ƙarfin. Cikin bututun inci 2 mai kauri faɗinsa kusan santimita murabba'i 19 ne. In matsi yana hawa da sauka da bar 10, turin da ke iya faɗa wa gwiwar bututu ya kai kusan nauyin kilo 190, yana zuwa yana komawa sau 18 a sakan. Kilam ɗin da aka ɗaura a siririn ƙarfe ba zai yi komai ba, shi ma rawa zai shiga.

Injiniya Mai Awo:
Gwaji biyu za su raba gardamar nan, kuma ba sai an kwance komai ba. Na farko, a kashe famfo, a bar bututun cike da ruwa, don nauyin ruwan yana sauko da bugun. Ka maƙala sensa a tsakiyar tazarar, ka bugi bututun da gudumar roba ta gefen da yake rawa, ka ga inda tsini ya fito. Ka yi ta kwance, ka yi ta tsaye, ba lalle su zo ɗaya ba. Na biyu, in akwai inbata, na'urar da ke sauya gudun moto, ka sauko da gudu a hankali kana kallo. Abin da famfo ke haifarwa yana bin gudu, tsininsa zai matsa. In girman ya faɗi warwas da ɗan ragi kaɗan, to karo ne da bugun wani abu.

Sai ka duba damfana, tulun gas ɗin nan da ke shanye bugun ruwa a layin fita. A kashe famfo, a sauke matsin layi gaba ɗaya, sannan a auna gas ɗin da ke ciki. Yawanci ana cika ta tsakanin kashi 60 zuwa 80 na matsin aiki, amma ka bi takardar wanda ya ƙera ta. Naitirojin kaɗai. Kada wani ya ce ga tulun oksijin na walda a kusa, wannan yana iya fashewa ya kashe mutum. Kuma kada ka dogara da gejin nan mai gilisarin a ciki, an yi shi ne don allurar ta zauna lafiya, ba zai nuna maka bugun 18 a sakan ba.

Wani Ɗalibi:
Don Allah tambaya, 32 mm/s ɗin ya wuce ƙa'ida ne? A makaranta an nuna mana jadawali mai kore, rawaya da ja.

Injiniya Mai Awo:
Wancan jadawalin na injuna masu juyawa ne, kuma a gidan boris ake awonsa, ba a kan bututu ba. Injuna masu kai da komo suna da tasu takardar ƙa'ida, ISO 10816-6, shi ma na waɗanda suka haura kilowat 100 ne, wannan kuwa 75. Maganar bugun ruwa da bututun irin wannan famfo tana cikin wata takardar ƙa'ida, API 674. Amma a nan ba ka buƙatar takarda, walda ta riga ta tsage.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai manyanmu, ga abin da na samo.

Da na gyara saitin na'urar, tsinin nan ya rabu biyu: 24.0 babba, 24.7 ɗan mitsitsi. Kuma 6 da 12 sun fito a kan bututu, da ba na ganin 6 sam. Da sukundireba, murfin bawul ɗin zuƙa na silindar tsakiya yana huci kamar yadda Baba ya ce. Muka buɗe, sifirin ya karye gida biyu, mazaunin bawul ɗin kuma ya yi ƙananan ramuka birjik, har da wata 'yar hanya da ruwa ya sare a gefe ɗaya, farce yana shiga. Sauran biyun ma sun fara ramukan amma ba su kai haka ba.

Gwajin guduma ya ba da 18.5 Hz ta kwance. Damfana tana da bar 55. Da na sauko da inbata daga 50 Hz zuwa 45, karanshaf ya koma 324, tsinin ya matsa zuwa 16.2, girman ya faɗo daga 32 zuwa 9. Ƙwanƙwasawar ma ta ragu sosai amma ba ta ɗauke ba.

Mai Saitin Inji:
To fulina ya fita. Amma ka ja zaren dai tunda kana wurin.

Baba Makanike:
Ramukan nan su ne shaidar Hajiya. Ba tsufa ke yin su ba. Ka sa sabon bawul yau, in ba a gyara zuƙa ba za ka sake buɗewa. Ni shawarata mai sauƙi ce: in aikin zai iya jure ragin ruwa, a bar shi a 45 ɗin, ko a sauya fuli a huta. Famfon fistin da ke tafiya a hankali ya fi daɗewa, bawul da shaƙewar da ke hana yoyo a jikin fistin da komai.

Hajiya Injiniya:
Baba, ragin gudu yana taimakawa fiye da yadda ake zato, don gudun ruwa da juyi duk suna sauka tare. Kashi 10 na gudu ya mayar da 11.6 zuwa kusan 9.4. Amma saura mita biyu da ɗan kai ne kawai, ranar da tanki ya yi ƙasa ko rariya ta toshe an koma gidan jiya. In an mayar da bututun inci 6, gudun ruwa zai sauko zuwa 0.35, lissafin ya koma mita 5 ko a cikakken gudu. Ko a sa damfanar zuƙa dab da bakin famfo, yadda ruwan da ake ja ana saki zai zama na ɗan guntun da ke tsakaninsu kawai.

Injiniya Mai Awo:
A nan zan ɗan saɓa da Hajiya. Wancan lissafin yana ɗaukar ruwa kamar sandar ƙarfe da ba ta matsuwa, duk yana motsi lokaci ɗaya. A gajeren bututu hakan ya wadatar. Amma bugun matsi tafiya yake yi cikin ruwa da gudun sauti, a bututun ƙarfe wajen mita 1,300 a sakan. Bututun da ke buɗe a tanki, rufe a famfo, yana da nasa amon: gudun sauti a raba da tsawo sau huɗu. 1,300 a raba da 36, wato mita 9 sau huɗu. Ku lissafa da kanku. 36 Hz, daidai kan ninki shida. In haka ne, faɗaɗa bututu zai rage ƙarfin abin amma amon yana nan inda yake, don tsawo ne ke yanke shi, ba faɗi ba. Wataƙila ma shi ya sa ragin gudu ya yi tasiri haka, ninki shida ya koma 32.4, ya sauka daga kan amon.

Hajiya Injiniya:
Lissafin ya yi kyau a takarda, Injiniya, amma 1,300 ɗin nan na ruwan da babu iska ne. A ɓangaren zuƙa, inda matsi yake ƙasa, 'yar kumfa kaɗan tana karya gudun sauti ƙwarai, yana iya saukowa ƙasa da rabi. In akwai guntun tiyo na roba a layin ma haka. Ba zan sa a sayi komai a kan 36 ɗin nan ba sai an auna.

Injiniya Mai Awo:
Mun haɗu a nan. A auna. Ɗan Koyo, ka nemi sensar matsi mai saurin ji, ka ɗaura ta kusa da bakin zuƙa, ba ta dogon siririn bututu ba, don shi ma yana da nasa amon. Ka manna ɗan tef mai ƙyalli a fulin karanshaf daidai inda fistin na ɗaya ya kai ƙarshen turi, don ka san kowane bugu na wace silinda ne. Sannan ka hau da gudu daga 40 zuwa 50 da ɗaiɗai. In ninki shida ya yi tudu a wani gudu ya sauka bayansa, amo ne. In yana ta hawa ne kawai ba tudu, lissafin Hajiya ya ishe mu. Ka kalli zanen matsin a kan lokaci ma, ba tsinin kaɗai ba. Kabiteshan tana da kamanni: ƙasan zanen yakan yi shafe kamar an yanke shi, don matsi ba ya iya sauka ƙasa da na tururi, sai kuma wani siririn tsini ya harba sama bayansa.

Oga Mai Walda:
Duk na ji. Ni dai a faɗa min inda zan kafa madogarata.

Hajiya Injiniya:
Kusa da tsakiya, Oga, amma kada ka yi walda tukuna. Ka tokare da katako mai kauri da jak, a ɗaure tam, Ɗan Koyo ya sake bugawa da guduma. Muna son lambar ta haura 36 da aƙalla kashi 20, kuma kada ta zauna kan 54 ko 72, wato ninki tara da ninki goma sha biyu. In ta yi, sai ka kafa ta ƙarfe a wurin, ƙafarta a kankare, kilam mai faɗi mai noti biyu. Gejin kuma a rage masa tsawon wuya, a tokare shi da jikin babban bututun, ba da bango ba, don su riƙa motsi tare.

Ɗan Koyo:
An sa sabbin bawul a silinda ukun. 6, 12 da 24.0 duk sun kwanta. Da tokarar katako guduma ta ba da 63 Hz, a cikakken gudu bututun yana 6 mm/s. Oga zai iya kafawa. Ƙwanƙwasawar tana nan a 50, don haka mun bar shi a 45 kafin sensar matsin ta iso. Tambaya ɗaya Injiniya: a layin zuƙa rami ɗaya ne kawai, na magudana, kuma yana ƙasan bututu kamar rabin mita daga famfo. Zai yi?

Injiniya Mai Awo:
Zai yi, ƙasa ma ya fi sama don iska ba ta taruwa a can. Ka cire bawul ɗin magudanar, ka wanke dattin da ya kwanta, ka ɗaura sensar kai tsaye da guntun soket. Ka tabbata mai auna cikakken matsi ce, wadda ke ganin ƙasa da na iska, in ba haka ba rabin zanen zai ɓace. Ka ɗauki awo ɗaya tanki a cike, ɗaya kuma a mafi ƙarancin da kuke bari ya kai, ka turo mana duka biyun.